Mijin Yayata da Matattun Itatuwansa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, mijin Yayata kuwa ya riga mu komawa. Ya rasu lokacin da ganye ke zuba, a asibitin da nake aikin jinya a garin Largo, nan Amurka, aka yi masa sutura washegari. Kafin maza su dawo daga maƙabarta gidansu na Beltsville ya cika maƙil, takalma suka taru a ƙofa har maƙwabcinsu Bature ya kawo kwali a zuba. Ma'aikatan gidan rediyo sun zo daga Washington, direbobin tasi 'yan Nijar sun ajiye aiki, matan zangon Kumasi sun shigo da tukwanen shinkafa da wake irin waɗanda sai mutum biyu ke ɗauka. Turawan da yake aiki da su ma sun zo, suka tsaya a falo da safa, kowa da furanni a hannu yana neman wanda zai miƙa wa. Da na ga ba mai karɓa sai na karɓa na kai gareji.

Duk wanda ya durƙusa gaban Yaya magana ɗaya yake yi. Malam mutum ne mai zumunci, bai taɓa rasa ta'aziyyar kowa ba. Wani direba ya ce ranar da ɗan'uwansa ya rasu ana zuba ƙanƙara, hanya ba ta biyuwa, Malam ne ya fara ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wata Hajiya 'yar Kumasi ta ce shi ya wanke mijinta da hannunsa. Ni kuwa duk wanda ya faɗi haka sai in saci kallon Yaya, in ga ta ƙara matse carbi. Mutanen kirki ne, ba su san miki suke fama mata ba.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne a cikin mutanenmu ba wanda ya san sana'ar mamacin. Ina raba ruwa ina jin ana gardama a tsakar gida. Wannan ya ce harkar katako yake yi, wancan ya ce a'a, malamin gona ne. Wani ɗan jarida ya tare ni a kicin, ya ce za su yi sanarwa a shirinsu, yana so ya ce masanin gandun daji ne da ya shuka itatuwa masu yawa a Afirka. Na ce masa ya rufa mini asiri, mutumin nan ko zogale bai taɓa dasawa ba. Aikinsa shi ne auna itatuwan da suka riga suka mutu suka faɗi. Ya dube ni kamar baƙin ciki ya taɓa mini kai, ya ce zai dai ce masani.

Bayan la'asar dattijon da ke jagorantar jama'armu a nan ya tsaya a ƙofar ɗakin mata, ya yi sallama, ya ce kamar yadda aka saba duk mai hakki a kan mamaci ya yafe masa, iyali kuma su ne a gaba. Mata suka amsa baki ɗaya cewa sun yafe, ni ma na faɗa. Yaya ba ta buɗe baki ba. Dattijon ya ɗauka kuka ne ya hana ta, ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, a yafe wa Malam." Ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi." Ya sake roƙo, ta sake ba shi amsar nan. Sai ya yi addu'a ya fita.

Wannan kalmar da ta ƙi fita ita ta zaunar da ni rubutu. Ina so a tuna da mijin Yaya yadda yake, ba yadda masu ta'aziyya suka goge shi ba. Ina kuma so a san abin da ya sa matar da ta yi jinyarsa har numfashinsa na ƙarshe ta riƙe masa hakki.

Ni ce autar gidanmu. Ina 'yar firamare a Katsina ya zo neman auren Yaya, tun daga ranar yake kirana Auta, ni kuma nake zolayarsa yadda ƙanwar mata ke zolayar mijin yayarta. Shi ya yi ɗawainiyar zuwana Amurka a farkon shekarun dubu biyu, a gidansu na zauna har na gama karatun jinya. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi yawancinsa.

Duk shekara idan rani ya tsaya a gida, a nan kuma sanyi ya kai inda ya kai, sai ya haɗa jaka ya tafi wani kurmi da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru, inda ya ce rana ba ta taɓa ƙasa saboda duhun itatuwa. Can shi da mutanensa suna da layukan da suka shata tun da daɗewa. Su miƙa igiya a kan layi su bi ta a ƙafa, duk gungumen da ya faɗi ya gitta igiyar sai a tsaya a kansa. A auna kaurinsa, a soka masa wuƙa a ji ko da sauran ƙwari ko ya fara ruɓewa, a buga masa lamba. Baɗi a dawo a nemo shi a sake aunawa, a ga abin da gara da ruwan sama suka ci. Haka za a yi ta bin sa har shekarar da za a zo a tarar ya zama ƙasa. Itacen da ke tsaye da ransa ba ruwansa da shi, ya ce wannan yana da masu shi.

Na taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala, kuma na yi nadama, don sai da tuwona ya huce. Abin da na tsinta shi ne itace yana shan wata iska daga sama ya ajiye a jikinsa, in ya faɗi ya ruɓe sai ya mayar da ita a hankali, kuma ita ce iskar da ke ɗumama duniya. Masu wannan lissafi sun daɗe suna ƙirga na tsaye suna mantawa da na kwance. Na ce masa wato duk digirin nan ƙidayar gawa ya je ya koyo. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai gara ni, na fi shugaban sashensu fahimta.

Da a kurmi yake barin halin nan da da sauƙi. Tef ɗin awo da 'yar wuƙa ba sa barin aljihunsa, ko ranar Sallah da babbar riga. Lokacin da yake koya mini tuƙi a titunan da suka ratsa gonakin bincike na Beltsville, ya taɓa daka mini tsawa in tsaya, na taka birki har kaina ya bugi sitiyari, ina tsammanin barewa na take. Ashe wani icce ya hango a kwance a bakin rafi. Ya fita ya bar ni a tsakiyar hanya, motoci suna mini hon, shi yana tsugune yana soka wuƙa. Wata rana kuma Yaya ta kama shi yana gwada wuƙar a gindin turminta da ta sha wahalar kawowa daga Katsina. Ta ce masa in ya sake kusantar turmin nan shi za a auna.

Akwai shekarar da wata guguwa ta zo da zafi ta karya itatuwa ta kashe wuta a duk yankinmu. Kowa hankalinsa a tashe, naman da ke cikin firiza ya fara narkewa, Yaya ta aike shi neman ƙanƙara. Shiru, shiru, har nama ya fara wari. Ni aka tura nemansa. Na same shi a bayan unguwa cikin rassan da suka zube, gumi sharkaf, fuskarsa tana sheƙi kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce, "Auta, zo ki riƙe mini bakin tef." Na tambaye shi ƙanƙara, ya dube ni da gaske bai san zancen da nake yi ba. Naman nan a bola ya ƙare.

Wadda ta fi kowa jin daɗinsa ita ce Innarmu, mahaifiyarmu ni da Yaya. Inna ta tashi a inda itacen girki ɗauri-ɗauri ake sayensa, mace takan wuni a daji ta dawo da abin da bai wuce dahuwar kwana biyu ba. Da aka yi mata bayanin aikin surukinta sai ta ce ba ta gane ba, a sake. Aka sake. Ta ce wato ya tarar da busasshen icce a kwance, ba mai shi, ya auna, sannan ya tafi ya bar shi? Aka ce haka ne, dokar wurin ma ta hana a ɗauka. Ta ce Allah ya ba shi lafiya. Amma tana son sa, in ana zancensa takan ce yaron ba ya ƙarya, wautarsa ce kawai da yawa. Shi kuma duk shekara in ya gama aikin kurmi sai ya hau mota ya yi arewa ya gaishe ta, a hanya ya tsaya ya saya mata itace cikin a-kori-kura ya sauke a ƙofar gida. Inna ta gaya wa maƙwabta cewa daga dajin surukinta ne. Shi da ba ya ƙarya, wannan ɗaya bai taɓa gyara mata ba.

A shekarar da Inna ta rasu Yaya ba ta da halin barin ƙasar nan. Takardunta na zama suna hannun hukuma, lauya ya ce in ta fita ba lallai ta samu dawowa ba, ga yara biyu ƙanana. Ni kuma ban daɗe da zuwa ba, tafiya ba ta taso ba. A duk gidan mutum ɗaya ne ƙafarsa ke kan ƙasar Najeriya, shi ne Malam, yana cikin kurmi. Wanmu ya buga waya wani shago a garin da ya fi kusa da dajin, aka ba ɗan acaɓa saƙo ya kai har sansaninsu. Saƙon ya same shi, wannan bai taɓa musantawa ba. Ya yi salati, ya tara musulmin da ke cikin ma'aikatansa suka yi mata addu'a, sannan ya aiko da amsa cewa yana nan tafe da zarar ya gama layukan da suka rage, don hadari ya fara haɗowa da wuri.

Jana'iza dama ba wanda ya sa ran zai same ta. Zaman makoki ake nufi. Aka yi addu'ar uku babu shi, aka yi ta bakwai babu shi. Mutanen unguwa suna shigowa suna tambayar ina surukin nan da aka ce yana ƙasar, 'yan'uwanmu suka yi ta ƙirƙiro uzuri har uzuri ya ƙare. Yaya tana nan tana kankare katin waya ɗaya bayan ɗaya, kullum tambayarta ko ya iso. Sai da aka naɗe tabarmi, baƙi suka koma garuruwansu, sannan ya iso da taɓo a takalminsa. A bayansa kuma ga a-kori-kura cike da itace, kamar kowace shekara. Ya ce ya kawo ne a yi wa masu zaman makoki girki. Har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Itacen nan ya daɗe jibge a ƙofar gida, ba matar da ta yarda ta sa shi a murhu.

Ranar da ya dawo Beltsville Yaya ta yi masa sannu da zuwa, ta ba shi ruwa, ta kawo abinci, ta bari ya ci ya ƙoshi. Sannan ta tambaye shi. Ya yi mata bayani dalla-dalla yadda yake yi wa ɗalibai. In aka tsallake shekara ɗaya awon shekarun baya ya samu giɓin da ba ya cikuwa, in ruwa ya sauka kogi zai raba su da rabin layukan, Inna an riga an binne ta, addu'a kuma daga ko'ina tana isa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya fi ciwo. Ta bari ya kai aya, sannan ta ce, "Malam, ba don Inna na so ka je ba, Inna ta gama nata. Don ni ce. Kai ne ƙafata a ƙasar nan, na ce ka taka ka ƙi." Ta kwashe kwanuka ta shiga kicin.

Ba ta yi yaji ba, ba ta daina masa girki ba, ba ta taɓa ɗaga masa murya a gaban yara ba. Wanda bai sani ba zai ce gidan lafiya lau, kuma a yawancin ranaku lafiya lau ɗin ne, suna hira suna dariya. Abu ɗaya ne kawai ta hana shi. Duk safiyar Sallah in ya dawo daga idi yakan ce mata a yafi juna, ita kuma ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Yara suna ɗauka amsa ce. Ni da shi mun san ba amsa ba ce.

Daga wannan shekarar ya zama mutumin da masu ta'aziyya suka sani. Duk Bahaushen da ya rasu daga Washington har Baltimore, ko ya san shi ko bai san shi ba, Malam yana can. Ya koyi wankan gawa, ya san maƙabartar da ke karɓar musulmi, ya san takardun da ake nema. Ina ganin a lissafinsa biya yake yi. Abin da bai gane ba shi ne duk fitar da zai yi da farar hula zuwa makokin baƙo, Yaya tana tsaye a taga tana kallonsa, abin yana dawo mata sabo. Na gaya masa wannan a fili. Ya ce to ya daina zuwa ke nan? Na ce ban ce ba. Ya ce to me zai yi? Na ce ya tafi kada ya makara.

Sau ɗaya aka kusa shiryawa. Yara sun girma, an yi wata Sallar layya mai daɗi, na lura Yaya ta yi laushi. Na ja shi gareji na yi masa huɗuba, na ce yau in ta buɗe ƙofa ya shiga da kai, ya ce ya yi kuskure, ya yi shiru, kada ya kawo zancen kogi. Ya ce ya ji. Bayan an ci nama ya zauna kusa da ita ya ce ya san ya ɓata mata, kuma abin yana damunsa shekara da shekaru. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Da za a mayar da kai ranar da saƙon nan ya same ka, za ka bar layukan ka tafi?"

Ina tsaye a ƙofar kicin ina ɗaga masa kai har wuyana ya yi ciwo. Ya gan ni sarai. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba. Zan gama su."

Saura kaɗan in jefe shi da farantin da ke hannuna. Yaya ta goge ido ta tambayi wa ke son ƙarin shayi. Daga baya na tare shi na ce ko malamai sun yi sassauci a kan 'yar maganar da za ta gyara tsakanin miji da mata, shi wane irin mutum ne? Ya ce wanda ya ƙara inci ɗaya a awo don ya faranta wa wani rai, sauran awonsa duka ya zama abin zargi. Na ce masa aure ba gungume ba ne. Ya ce ya sani, shi ya sa bai iya shi ba. Ranar na yi fushi da shi na gaske, ban gaishe shi ba har sati ya zagayo.

Kada a ɗauka ba shi da zuciya. Lokacin da aurena ya mutu ina zaune a Largo, ban gaya wa kowa ba sai Yaya. Da rana tsaka na ji ƙwanƙwasa, na buɗe na gan shi. Bai tambaye ni me ya faru ba, bai ce in yi haƙuri ba. Ya zaro tef ya auna gadona da durowata, ya juya ya tafi, na bi shi da kallo ina cewa a raina yau kuma abin ya kai nan. Ashe gida ya koma ya kwashe littattafansa da kayan aikinsa daga ɗakin ƙasa, ɗakin da ko shara ba ya yarda a yi masa, ya tabbatar kayana za su shiga, sannan ya dawo da motar haya. Da 'yan'uwa suka fara bugo waya daga gida suna cewa a mayar da ni gidan mijina, shi yake karɓa. Amsarsa ɗaya ce, Auta tana gidan ubanta. Inna uwata ce ni ma, kuma na ji zafin abin da ya yi, amma ni daga wannan ranar ban sake riƙe shi da komai ba.

Gwiwoyinsa ne suka fara gajiya. Da hawa tudu ya gagare shi sai ya miƙa layukan ga wata yarinya 'yar ƙauyen da ke bakin kurmin, wadda ya koyar tun tana riƙe masa igiya har ta yi nata digirin. Shekarar farko da bai je ba ya zame mana alaƙaƙai a gida, yana bin mu ɗaki-ɗaki yana gaya mana abin da ake yi a daji a daidai wannan lokacin. Bayan haka ciwon hanta ya bayyana, aka fara zaryar asibiti.

Jinyar da Yaya ta yi masa, a duk shekarun da na yi ina aikin nan ban ga irinta ba. Ba ta yarda wata nas ta ba shi abinci, har ni. Kunu a filas daga gida, shafa mai, yankan farce, juya shi in ya gaji da kwanciya, duk ita. Tana yi tana faɗa, ya cika taurin kai, bai shanye ba, ya sake cire bargo. Wata rana yarinyar nan ta bugo daga Najeriya ta ce masa wani ƙaton gungume da yake bi tun kafin a haifi 'yarsu ta fari, bana sun je ba su same shi ba, ya zama ƙasa. Mutumin da ko magana da ƙyar yake yi ya tashi zaune, duk wanda ya shigo ɗakin sai ya ba shi labari, har mai goge ƙasa. Yaya ta ce Allah ya jiƙan gungume, wannan ta'aziyyar kam ta san da yana da ƙafa da ya je a kan lokaci.

'Yarsu ta san labarin, ta roƙi uwarta da Turanci tana kuka, Yaya ta amsa mata da Hausa cewa ta je ta duba ko an biya kuɗin ajiye mota. Da na ga jikin ya yi nisa, aikina ne na san alamun, sai na kore kowa daga ɗakin na ja ƙofa na bar su su biyu. Ban yi nisa ba, kunnena yana jikin ƙofar. Na ji ya ce, "Hajiya, lokaci ya ƙure. Ki yafe mini." Har na fara hamdala a raina. Sai na ji ta ce, "Ɗaga ƙafarka in sa maka safa, ta yi sanyi." Bai daɗe bayan nan ba ya cika, hannunta a goshinsa, ita ce ta laƙƙana masa kalmar shahada.

Bayan baƙi sun watse ta shiga takaba, ni kuma na dawo gidan na zauna da ita. Matar liman ta zo har sau biyu ta yi mata nasiha, Yaya ta saurara da ladabi, ta ba ta lemo, ta raka ta ƙofa. Abin ya dame ni. Na gaji da shi yana raye, ga shi yanzu na gaji da ita, mutum biyu masu kai kamar dutse kuma ni ce a tsakiya tun ina budurwa. Tsoro kuma nake ji, don hakkin mutum ba abin wasa ba ne, kuma wanda ake bi ba shi da bakin roƙo yanzu.

Wata rana da hantsi muna ninke kayansa da za a bayar sadaka, sai haƙurina ya ƙare. Na ce, "Yaya, mutumin nan yana kabari. Kin yi masa girki, kin yi masa wanki, kin yi jinyarsa, kin raka shi har bakin ƙofa. Kalma biyu ta rage. Me za ki yi da ita?"

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da ninke wata tsohuwar rigarsa ta daji. Ta ce, "Auta, malamai sun ce wanda ke da hakkin wani a kansa, ranar lahira sai an tsayar da shi har mai hakkin ya zo. Ko ba haka ba ne?"

Na ce haka ne, abin da ke hana ni barci ke nan.

Ta ce, "To kin san halin mutumin nan. In na sake shi yanzu, kafin in iso ya shige wani kurmin Aljanna, wa zai nemo mini shi? Ina so a tsayar mini da shi wuri ɗaya. In na zo na gan shi da idona, a nan take zan yafe."

Na buɗe baki in ce mata ba malamin da zai karɓi wannan fatawa, sai na ga ta kifa fuskarta a cikin rigar, kafaɗunta suna rawa. Na rufe bakina, na ɗauki wata rigar na ci gaba da ninkewa.

Allah ya jiƙan mijin Yaya, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa abin da ke tsakaninsa da shi. Abin da ke tsakaninsa da Yaya kuma, Allah ya sa tsayuwar ta zo masa da sauƙi.